Tsarabar da ke cinye mai karɓa: fashin baƙin labarin Aksos na 1971

Da yammacin Asabar, 13 ga Maris 1971, tashar BBC1 ta fara nuna wani labari mai kashi huɗu a cikin shirin nan na almarar kimiyya, Doctor Who. Sunan labarin The Claws of Axos, wato faratan Aksos. Kowane kashi minti 25 ne ko kusa da haka, ana nuna ɗaya duk mako, aka kammala ranar 3 ga Afrilu. Bob Baker da Dave Martin suka rubuta, kuma shi ne aikinsu na farko a shirin. Michael Ferguson ya ba da umarni, Barry Letts ne furodusa, Terrance Dicks kuma shi ke tace rubutu.

Baƙin da suka sauko daga sama a wannan labari ba su zo da bindiga ba. Roƙo suka zo da shi, da kuma tsaraba. Abin da ya sa labarin ya cancanci a zauna a warware shi bayan shekara hamsin da 'yan kai shi ne yadda aka gina yaudarar: maharin ba zai iya cin duniya da ƙafarsa ba, sai mutanen duniya sun ɗauke shi da hannunsu, sun sa shi a jirgi, sun kai shi kowace nahiya. Duk sauran abin da ke cikin labarin, har da dodanni da fashe-fashe, a kan wannan sharaɗi ɗaya ya rataya.

Ga wanda bai saba da shirin ba: Dakta, wanda Jon Pertwee ke fitowa a matsayinsa a wancan zamani, ba ɗan duniyar nan ba ne. Mutanensa, Sarakunan Lokaci, sun yanke masa hukuncin zaman gudun hijira a duniya, sun toshe masa ilimin tuƙa jirginsa mai ratsa lokaci, Tardis. Yana aiki a matsayin mai ba da shawara kan kimiyya ga UNIT, wata rundunar ƙage da ke ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Birgediya Lethbridge-Stewart ke jagoranta a Birtaniya. Mataimakiyarsa Jo Grant ce. Abokin gabarsa kuwa ɗan uwansa ne a jinsi, ana ce masa Masta, Roger Delgado ya fito a matsayinsa, kuma a wannan shekarar ya bayyana a duka labarai biyar na zangon. Aksos ne na uku a cikinsu.

Yadda aka ɗana tarkon

Na'urar hangen jirage ta ga wani abu yana tunkaro duniya. A daidai lokacin akwai wani ma'aikacin gwamnati daga Ma'aikatar Tsaro, mai suna Chinn, da ya zo binciken yadda UNIT ke gudanar da aikinta. Kafin a san ko mene ne abin, Chinn ya ba da umarnin a harba masa makamai masu linzami. Abin ya ɓace daga allo, makaman suka rasa abin duka, sai ga shi ya sauka a gaɓar teku a kudu maso gabashin Ingila, ya nutse cikin tsakuwa, bakinsa kawai ke waje. Wurin da ya zaɓa yana dab da Nuton, katafariyar tashar lantarki ta nukiliya wadda a cikin labarin ƙasar ta dogara da ita. Mai kallo mai lura zai ɗaga gira tun nan: jirgin da ya ce ya lalace, ya faɗo ba shiri, ta yaya ya dace da bakin rumbun wuta mafi girma a ƙasar?

Kafin hukuma ta iso, jirgin ya ɗanɗana abincinsa. Wani tsoho mai yawon tsince-tsince a kan keke ya matso, wata doguwar jijiya ta fito ta ja shi ciki, aka auna ƙwaƙwalwarsa, aka ga ba ta da amfani, aka tsotse shi aka jefar da gawar. Bayansa sai Bill Filer, jami'in Amurka da ya zo daga Washington kan batun farautar Masta. Shi an ga yana da amfani, sai aka ajiye shi. A cikin kurkukun ne ya tarar da Masta kansa a ɗaure. Marubutan sun nuna wa mai kallo wannan tun a kashi na farko, saboda haka ba a ɓoye mana cewa baƙin mugaye ne ba. Abin da ake so mu zuba wa ido shi ne yadda manyan mutane masu digiri da muƙami za su shiga ramin da muke gani a buɗe.

Daga nan sai kiran neman agaji: man jirgi ya ƙare, a taimaka. Dakta da Birgediya da Chinn suka shiga, tare da shugaban tashar, Sir George Hardiman, da babban masanin bincikenta, Winser. Waɗanda suka tarbe su, wato Aksonawa, kyawawa ne masu fatar zinariya, miji da mata da yara biyu, namiji da mace. Wannan zaɓi ba na banza ba ne. Soja zai iya ɗaga bindiga a kan jarumi, amma da wuya ya ɗaga ta a kan iyali masu neman mafaka. Suka ce wutar rana ta lalata duniyoyinsu, jirginsu kuma ba ƙera shi aka yi ba, shuka shi aka yi daga ƙwayar halitta ɗaya ya girma, yanzu abincinsa ya ƙare. A bar su su zauna har ya farfaɗo. Ladan masauki kuma ga shi: aksonait.

Aksonait, in ji su, sinadari ne mai tunani. Yana iya kwaikwayon kowane abu, ya ninka shi, ya sauya shi zuwa wani, muddin an ba shi makamashi. Suka gwada a kan kwaɗo, ya kumbura ya zama ƙato a gaban idon kowa. Nan take kowa ya hango abin da zuciyarsa ke so. Mai tunanin abinci ya ga ƙarshen yunwa, masanin kimiyya ya ga suna, Chinn ya ga Birtaniya ta koma kan gadon mulkin duniya.

Dakta ne kaɗai ya yi tambayar da ta kamata: in kuna da abin da ke iya zama komai, yaya aka yi manku ya ƙare? Amsar da aka ba shi ba ta ƙoshi ba, amma ba wanda ya tsaya a kai. Shi ma Daktan ba tsarkakakke ba ne a nan, domin idonsa na kan na'urar Winser, yana lissafin ko za ta taimaka masa ya tada Tardis ya tsere daga hukuncin da aka yi masa. Jo kuwa, da ta saci jiki ta shiga, ta ji muryar Filer, ta kuma ga wani dodo mai jiki kamar tarin jijiyoyi ja. Aksonawa suka ce ai gizo idonta ya yi mata saboda ta kusanci tushen ƙarfin jirgin. Aka yarda da baƙo, aka ƙaryata 'yar gida.

Gaskiyar ita ce jirgin, da mutanen zinariyar, da dodannin, da aksonait ɗin, duk halitta ɗaya ce, ita ce Aksos. Aksos kamar kauci yake a jikin bishiya, sai dai shi ba ya barin bishiyar da rai. Aksonait guntun jikinsa ne da ke barci. In aka raba shi ko'ina a duniya, sai a tashe shi lokaci guda, kowane gutsure ya fara zuƙar makamashin da ke kusa da shi, na inji da na tsiro da na dabba da na mutum, har a bar duniya fanko. Akwai kuma wa'adi: sai an gama rabon cikin awa 72 kafin cin ya yi armashi. Masta ne ya nuna masa hanyar duniya, bayan Aksos ya kama shi da jirginsa, da sharaɗin a sake shi.

Lissafin da ba wanda ya yi a ɗakin

Kalmar “muddin an ba shi makamashi” ita ce ƙugiyar da ke cikin naman, kuma ana iya auna girmanta da alƙalami. Ƙa'idar Einstein ta ce nauyi da makamashi abu ɗaya ne: a ninka nauyi da gudun haske, a sake ninka sakamakon da gudun haske. Gudun haske kusan kilomita 300,000 ne a daƙiƙa. In aka yi lissafin, giram ɗaya tak na kowane abu daidai yake da wutar lantarki yunit miliyan 25, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa a gida. Tashar da ke ba da megawat 500 sai ta yi awa 50 tana aiki ba tsayawa kafin ta tara wannan. Kilo ɗaya na nama, in daga makamashi zalla za a samar da shi, zai ci wutar wannan tasha ta fiye da shekara biyar da rabi.

Ashe kwaɗon da ya zama ƙato ko dai wani wuri aka ɗebo naman da aka ƙara masa, ko kuma an ci bashin wutar da ba ƙasar da za ta iya biya. Ko an bar batun wuta, jikin kwaɗon kansa zai ba da matsala. In tsawon dabba ya ninka biyu, nauyinta sau takwas yake ƙaruwa, amma kaurin ƙashin da ke ɗauke da nauyin sau huɗu kawai. A ninka tsawon sau goma, nauyi ya zama sau dubu, ƙashi sau ɗari. Saniyar da aka kumbura haka ba za ta iya tashi tsaye ba. Labarin bai yi wannan lissafi a fili ba, amma ya yi abin da ya fi shi: ya ajiye masanin kimiyyar nukiliya a ɗakin, mutumin da ya fi kowa sanin waɗannan alƙaluma, ya bar shi yana murna.

Rowar Chinn, da abin da ta kusa yi

Nan ne labarin ya fi daɗin nazari. Chinn ya buga wa ministansa waya, ya samo ikon dokar ta-ɓaci, ya ƙulla yarjejeniya da Aksonawa cewa Birtaniya ce kaɗai za ta riƙe aksonait ta raba wa wanda ta ga dama. Da Birgediya ya ce wannan lamari na duniya ne, dole a sanar da Majalisar Ɗinkin Duniya, sai Chinn ya kira sojojin ƙasa suka tsare jami'an UNIT, aka yanke musu hanyar sadarwa.

A duba abin da wannan ke nufi ga Aksos. Yana son a watsa shi ko'ina cikin kwana uku, ga shi ya faɗa hannun marowaci da ke son kulle shi a ɗaki ɗaya. Da Chinn ya yi nasara, da tarkon bai kama ba. Wato mafi munin hali a cikin labarin shi ne ya kusa ceton duniya, ba da niyya ba. Aksos ya fahimci kwaɗayi, amma bai fahimci rowa ba, sai da ya nemi wanda ya san halin mutane. Shi ya sa aka saki Masta. Aikinsa kuwa bai buƙaci makami ba: ya tafi hedikwatar UNIT, ya juya tunanin mai aikin rediyo, ya sa aka aika wa duniya labarin cewa Birtaniya na ɓoye wani abin al'ajabi. Kafin gari ya waye ƙasashe sun taso, kowa na neman rabonsa, gwamnati ta juya wa Chinn baya, ta umarce shi da ya tura aksonait ko'ina nan take. Mutumin da ya kulle ƙofa jiya, shi ne yau ke tsara jigila.

Saboda haka injin yaudarar yana da giya biyu. Kwaɗayi ya sa aka karɓa, hassadar maƙwabci ta sa aka raba. Babu inda aka tilasta wa kowa. Ko takardar yarjejeniya mutane ne suka nema.

Masu kallo na 1971 ba su buƙaci a fassara musu Chinn ba. Daular Birtaniya ta riga ta watse a shekarun 1950 da 1960. Gwamnatin Edward Heath na tsakiyar tattaunawar shiga kasuwar tarayyar Turai, wadda ƙasar ta shiga a 1973. A Disambar 1970 rikicin ma'aikatan lantarki ya jefa gidaje cikin duhu, wata uku kacal kafin a nuna labarin. A Oktoban wannan shekara ta 1970 kuma aka gano babban filin mai na Forties a Tekun Arewa. Ƙasa ce da ke fama da ƙarancin wuta, tana mafarkin wata dukiya da za ta fito daga ƙarƙashi ta mayar mata da martabarta. Chinn hoton wannan mafarki ne da aka zana da gangan ya zama abin dariya, har akwai inda ya shigo yana gwaguyar cinyar kaza ana tsakiyar tashin hankali. A ganinmu nan marubutan suka yi sake. Da sun bar shi mai hankali da natsuwa, da hujjarsa ta kishin ƙasa ta fi tsoratarwa, domin masu yanke irin wannan shawara a zahiri ba wawaye ba ne.

Baƙo mai fuska biyu tsohon jigo ne a talabijin. A 1962 shirin The Twilight Zone na Amurka ya nuna wasu dogayen baƙi da suka kawar da yunwa da yaƙi, ashe kiwon mutane suke yi don tukunya. A 1983 shirin V na tashar NBC ya kawo baƙi masu kamar mutane, ƙadangaru ne a ƙarƙashin fata, suna neman ruwan duniya da naman mutanenta. A duka biyun, tsarabar daban take da mai bayarwa. A Aksos kuwa tsarabar ita ce bakin da zai yi cin.

Yunƙuri uku, biyu suka ci tura

Na farko kuskure ne da ya zama alheri. Winser na da wata na'ura mai tunkuɗa ƙwayoyin zarra, yana fatan kai su gudun haske. A kimiyyar gaske abu mai nauyi ba ya kai wannan gudu, komai wutar da aka zuba masa, amma labarin ya ɗauki hakan a matsayin ƙofar tafiya cikin lokaci. Dakta ya saka aksonait a na'urar don ya tilasta masa bayyana kansa. Ya samu amsarsa, ya gane duk abu ɗaya ne, sai dai wutar da ya ba shi ta tashe shi kafin lokaci. Winser ya rasa ransa a nan, Aksonawa suka yar da fatar zinariya, aka kama Dakta da Jo. Ribar ita ce an tilasta wa Aksos fara cin abincinsa kafin a gama jera kwanuka.

A cikin jirgin ne burin Aksos ya ƙaru. Da ya gane Dakta Sarkin Lokaci ne, sai ya ga duniya ɗaya ta yi masa kaɗan: in ya iya ratsa lokaci, zai ci abin da ya wuce da abin da bai zo ba. Ya tsofar da Jo a gaban idon Dakta don ya karɓi lissafin. Wannan ƙarin buri shi ne ya kashe shi daga baya. Mai farautar kwaɗayin wasu, shi ma da nasa aka kama shi.

Na biyu dabarar Masta ce, bayan ya ga Aksos ba shi da niyyar cika alkawari, Tardis ɗin Dakta da ya sato kuma ya ƙi tashi. Ya ba Birgediya shawara: a tara duk wutar Nuton a cikin Tardis kamar yadda ake tara ruwa a madatsa, sannan a sake ta gaba ɗaya a kan Aksos, ya ƙware. Kuskuren a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa haɗa waya. Wayar da ta kai wuta, ita za ta dawo da ita. Aksos ya girgiza na ɗan lokaci, har Dakta da Jo suka samu suka gudu, sannan ya juyo da wutar kan tashar. Hardiman ya kori kowa, ya tsaya cire wayoyin da hannunsa, ya cire, amma ya mutu. Ba a kashe mai cin wuta da wuta.

Na uku shi ne ya yi aiki, kuma yaudara ce aka rama da yaudara. Dakta ya nuna ya haƙura da duniya, ya haɗa kai da Masta suka gyara Tardis da kayan na'urar Winser, ya yi sallama da abokansa cikin sanyin murya har Jo ta ɗauka da gaske ne. Ya sauka cikin Aksos ya miƙa tasa tsarabar: ga sirrin tafiya cikin lokaci, mu haɗa injinanmu, mu yaƙi Sarakunan Lokaci tare. Aksos ya karɓa kamar yadda Chinn ya karɓa, bai tambayi abin da ke ciki ba. Da aka haɗa, Dakta ya jefa su cikin zoben lokaci, wato 'yan daƙiƙu da ke maimaita kansu ba iyaka. Tunda duk halitta ɗaya ce, kowane gutsuren aksonait da aka kai ƙasashe ya bi uwar jikinsa ya ɓace. Haɗin da ya ba Aksos ƙarfi shi ya sa aka kwashe shi a tafi ɗaya. Masta ya tsere a nasa jirgin. Dakta ya fizge Tardis daga zoben, amma Sarakunan Lokaci sun riga sun saita shi ya riƙa komawa duniya duk inda ya nufa.

Raunin ƙarshen bai ɓoyu ba. Na'urar Nuton ta yi bindiga, ginin ya tarwatse, jim kaɗan kuma sai ga mutane sun dawo suna tsaye a kan ɓaraguzan tashar nukiliya suna hira, ba mai maganar tururin guba.

Abin da ya faru a bayan kyamara

Rubutun farko da Baker da Martin suka kawo ya fi ƙarfin aljihun BBC nesa ba kusa ba, har da jirgi mai siffar ƙoƙon kai da zai sauka a filin shaƙatawa na Hyde Park a tsakiyar Landan. Dicks ya yi ta sa su rage shi har ya dawo kashi huɗu da gaɓar teku ɗaya. An sauya sunan sau da dama, kuma har aka shiga ɗakin ɗauka ana kiransa The Vampire from Space, wato mai shan jini daga sama, sunan da ke tona asirin labarin tun kafin a fara.

An ɗauki sassan waje a Dungeness da ke yankin Kent a farkon Janairun 1971. Wuri ne shimfiɗaɗɗe mai tsakuwa, kuma akwai tashar nukiliya ta gaske a can, wadda ta fara aiki a 1965 aka rufe ta a ƙarshen 2006. Ita ta fito a matsayin Nuton. Cikin 'yan kwanakin ɗaukar aka yi dusar ƙanƙara, aka yi hazo, aka yi ruwa, rana kuma ta fito. Da aka zo haɗa hotunan, sai ga fage ɗaya rabinsa fari fat, rabinsa a bushe. Ba kuɗin komawa, don haka aka ƙara jimla ɗaya a rubutun: wata jami'ar UNIT ta kawo rahoton cewa ana samun rikicewar yanayi a yankin da abin ya sauka. Matsalar ɗauka ta koma alamar ƙarfin baƙi.

Aikin iri biyu ne, kuma ido na iya rarrabewa. Na waje da zaren fim mai faɗin milimita 16 aka yi shi, kyamara ɗaya, hoto 25 a daƙiƙa. Na cikin ɗaki kuwa kyamarori da yawa ne lokaci guda, ana naɗa a kan tef mai faɗin inci biyu, wanda ke ɗaukar rabin hoto 50 a daƙiƙa. Shi ya sa motsin cikin ɗaki yake santsi kamar labaran kai tsaye, na waje kuma yake da ɗan duhu da ƙura-ƙura.

Cikin Aksos, da bangonsa mai numfashi da launuka masu yawo, an yi shi ne da dabarar da BBC ke kira CSO, kakar koren labulen da ake amfani da shi yau. BBC1 ta fara watsa shiri mai launi ne a Nuwambar 1969, saboda haka dabarar sabuwa ce a hannunsu. Kyamara ta farko na ɗaukar ɗan wasa a gaban labule mai launi ɗaya, galibi shuɗi ko ruwan ɗorawa. Kyamara ta biyu na ɗaukar abin da ake so ya zama bango, ko ƙaramin samfuri, ko kwaɗo a kan tebur. Wata na'ura na bin hoton farko layi-layi, duk inda ta ga launin labulen ta cire shi ta sa na kyamara ta biyu. Girman kwaɗo kuwa ba wani sihiri: a matso da hotonsa a kyamara ta biyu, mutanen da ke ta farko suna nan yadda suke.

Wuraren da take ɓaci sanannu ne. In hasken labulen bai daidaita ba, inuwa ta faɗa a kai, na'urar ba ta gane launin, sai a ga baƙin tabo na yawo. Gashi da gefen tufafi kan ɗebo launin labule, sai mutum ya fito da zobe mai ƙyalli kewaye da shi. Abu mai sheƙi kan mayar da launin, sai wani sashen jiki ya huje a ga bango ta ciki. In kayan ɗan wasa sun yi kusa da launin labulen, shi ma ya ɓace. Kyamarar farko kuma ba ta da ikon juyawa, domin bangon ba zai bi ta ba, sai mutum ya zama kamar yana zamewa a kan hoto. A yawancin labarai waɗannan aibobi ne. A cikin cikin wata halitta mai rai, inda ba a tsammanin komai ya tsaya cak, sun zama ado, kuma Ferguson ya yi amfani da hakan da gangan. Rigunan dodannin kuwa ba a yar da su ba: an shafa wa ɗaya koren fenti ta sake fitowa a matsayin dodon tsiro a wani labarin shirin a 1976.

Tef ɗin da aka goge

Tef mai inci biyu yana da tsada, ga cin wuri, don haka har zuwa 1978 BBC kan goge tsofaffin shirye-shirye ta naɗi sababbi a kai. Kashi-kashi sama da guda 90 na Doctor Who na shekarun 1960 har yau ba a gan su ba. Da yawa daga waɗanda aka samu, a ƙasashen da suka sayi shirin aka tsinto su. A 2013 aka sanar da gano kashi tara da suka ɓata a wata tashar talabijin da ke Jos, na zamanin Patrick Troughton, wanda Pertwee ya gada.

Aksos ya tsira da rabi. Kashi na 1 da na 4 suna nan a tef ɗinsu na asali. Na 2 da na 3 an goge, sai kwafin da aka sayar wa Kanada aka dawo da shi. Matsalar ita ce tsarin talabijin ɗin ba ɗaya ba ne. A wancan zamani Birtaniya tana kan PAL: layi 625, rabin hoto 50 a daƙiƙa. Arewacin Amurka kuwa a lokacin na kan NTSC: layi 525, rabin hoto kusan 60. Don a sayar, sai da aka bi da tef ɗin ta wata na'ura da ke rage layuka, tana kuma ƙirƙiro hoto shida daga kowane biyar ta hanyar cakuɗa maƙwabta. In aka juyo da shi zuwa PAL ta hanyar da aka saba, sai a sake cakuɗa abin da aka riga aka cakuɗa. Sakamakon shi ne hoto mai dishi-dishi, gefen abubuwa kamar haƙoran zarto, motsi kuma yana tsalle duk lokacin da kyamara ta juya.

Injiniyoyin BBC suka bi ta wata hanya. Tunda an san ainihin yadda tsohuwar na'urar ke auna cakuɗin, kashi nawa daga wannan hoto, kashi nawa daga wancan, ana iya sa kwamfuta ta bi lissafin da baya ta ware abin da aka haɗa. Da wannan dabara aka gyara kashi biyun don faifan DVD na 2005. A fitowar 2012 aka ƙara wani mataki: akwai kwafin baƙi da fari na zaren fim da aka ɗauka daga tef ɗin asali kafin a goge shi, wanda ya fi kaifi. Sai aka ɗauki haske da zanen hoto daga wannan, aka ɗauki launi daga kwafin Kanada, aka ɗora ɗaya kan ɗaya, domin idon mutum ya fi kula da kaifin haske fiye da kaifin launi. Wanda ya kalli kashi na 1 ya wuce na 2 kai tsaye zai iya kama bambancin a fatar Aksonawa: zinariyar ta ɗan dusashe, jan jijiyoyin dodannin kuma yana ɗan malalowa waje da gefensu.